BANGASKIYA DA AYYUKA: SHARHI A KAN KALMOMIN CETO A LITTAFI MAI TSARKI NA HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Kazaure, ko Roni da Gwiwa, ko nan Babura, ya san cewa akwai Kirista waɗanda ba baƙi ba ne. Hausawa ne gaba da baya, galibinsu jikokin Maguzawa, kasuwarsu ɗaya da maƙwabtansu Musulmi, harshensu ɗaya, gonakinsu na haɗa iyaka. Addu'arsu da wa'azinsu da karatunsu duk da Hausa suke yi. Wannan ya sa kalmomin da suke bayyana addininsu da su ba mallakarsu ba ce su kaɗai. Kowace kalma ta riga ta yi zama a bakin Bamaguje da na malamin zaure tun kafin ta shiga majami'a, kuma ba ta bar kayanta a ƙofa ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu dubi 'yan kalmomi da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta ɗora wa nauyin mas'alar da ta fi kowace raba kan Kiristocin Turai, wato matsayin bangaskiya da na ayyuka wajen samun ceto. Ba mu zo yanke hukunci a kan wace aƙida ce gaskiya ba, wannan ba hurumin mai nazarin harshe ba ne. Abin da muke tambaya shi ne: me Bahaushe yake ji idan aka karanta masa waɗannan kalmomi, kuma abin da ya ji ɗin ya yi kusa da abin da marubutan farko suka nufa? Fassarori biyu za mu fi waiwaya, ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS da abokan aikinsa suka yi, da ta 1979, wadda ta maye gurbinta a yawancin majami'u.

2.0 Tushen gardamar

Asalin rigimar a cikin Sabon Alkawari yake. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 3 da ta 4, da wadda ya rubuta wa Galatiyawa, Bulus ya nace cewa mutum yana samun karɓuwa a wurin Allah ta hanyar bangaskiya, ban da ayyukan Shari'a. Hujjarsa Ibrahim: littafin Farawa sura ta 15 ya nuna an lasafta masa adalci saboda ya gaskata alkawarin Allah, tun bai yi kaciya ba. Sai ga wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta ɗauki Ibrahim ɗin nan dai, amma a ranar da ya miƙa ɗansa hadaya, ta ce ayyukansa ne suka cika bangaskiyarsa, bangaskiyar da ba ta da ayyuka kuwa gawa ce. Mutum ɗaya, shaida biyu, kuma fi'ili ɗaya na Helenanci suka yi amfani da shi.

Tun farkon ƙarni na 5 Agustin da Felajiyas suka ja daga a kan ko mutum na iya yin abin kirki da ƙarfin kansa, har majalisar Kartaj ta 418 ta yi watsi da ra'ayin Felajiyas. Amma wutar ba ta kama sosai ba sai a zamanin Martin Luther. Abin lura ga wannan taro shi ne cewa gardamar fassara ce tun daga tushe. Da Luther ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya ƙara kalmar da ke nufin "kaɗai" bayan bangaskiya a Romawa 3:28, alhali babu ita a Helenanci. Da aka zarge shi, ya kare kansa a 1530 da cewa haka harshen Jamus yake bukata idan ana son ma'anar ta fito. Shi ne kuma ya kwatanta wasiƙar Yakubu da tattaka. Cocin Katolika ya mayar da martani a majalisar Tirento a 1547, ya ce alherin Allah ne mafari, amma mutum yana ba da haɗin kai, kuma ayyukan da ya yi cikin alheri suna da lada. Sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa guda, cewa ceto ta alheri ne, ayyukan kirki kuwa 'ya'yansa ne. Methodist suka bi sahu a 2006.

Wanne ɓangare ne ya iso wannan yanki namu? Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, wanda kuma cocin ECWA ya fito daga cikinsa a 1954, shi ne ya kafa tasha da makarantar yara maza a Roni a zamanin mulkin mallaka. Masu bishara ne na gidan Furotesta, waɗanda suka riƙe "bangaskiya kaɗai" da hannu biyu. Saboda haka kunnen da aka fara karanta waɗannan ayoyi da shi a nan, kunnen Luther ne.

3.0 Bangaskiya

Kalmar ta samo asali daga "ba da gaskiya", kamar yadda muke da ban-kwana da ban-haushi da ban-tausayi. Mafassara sun guji "imani", wadda take kusa da hannu, suka ɗauki kalmar da ba ta da ƙamshin zaure sosai. Muna ganin dalilinsu, amma zaɓin ya zo da asara. Idan Bahaushe ya ce ya ba da gaskiya ga labari, nufinsa ya yarda haka abin yake. Ba dole ne yardar ta motsa ƙafarsa ba. Ita kuwa kalmar Helenanci, pistis, ta ƙunshi yarda da dogara da riƙon amana gaba ɗaya. Da ita ake kwatanta amincin bara ga ubangidansa, da na abokin ciniki ga abokin cinikinsa.

Nan ne ake ganin cewa Bulus da Yakubu ba abu ɗaya suke kira da sunan ba. Yakubu ya ce aljannu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki, amma bai amfane su ba. Wannan ita ce ba da gaskiya tsurarta, kuma kalmar Hausa ta dace da ita kamar an auna. Bulus kuwa, a Galatiyawa sura ta 5, yana maganar bangaskiyar da take aiki ta hanyar ƙauna, wato dogarar da mutum ya jingina rayuwarsa duka a kanta. Kalmarmu ta yi wa Yakubu daidai, ta yi wa Bulus kaɗan. Mai wa'azin da ya san aikinsa yakan cike giɓin da "dogara" ko "amincewa", amma mai karatu shi kaɗai a gida ba shi da mai cike masa.

4.0 Alheri

A nan za mu daɗe, domin a ganinmu wannan ce kalmar da mafassara suka fi dacewa da ita, ko da yake ita ce kuma aka fi ƙorafi a kanta. Daga Larabci take, amma ta zama 'yar gida. Alheri a wurin Bahaushe shi ne kyautatawar da ba a bin ka bashinta: hatsin da maƙwabci ya aiko a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ko rigar da babba ya tuɓe ya ba yaro. Ƙorafin shi ne wai alherin Bahaushe ba ya tafiya ya ƙi dawowa. Mu muke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu muke cewa alheri gadon barci ne. Matan Babura sun san biki: abin da ƙawa ta kawo ranar suna ana riƙe da lissafinsa, za a mayar mata ranar nata, har da ɗori. Wanda aka yi wa gayya bana, baɗi shi ma zai saɓi fartanya. To, in ji masu ƙorafi, ta yaya kalmar da take ɗauke da ramuwa za ta fassara kyautar da aka ce ba a biyan ta da kome?

Mun daɗe muna ganin wannan ƙorafi yana da ƙarfi. Abin da ya sauya mana ra'ayi shi ne binciken John Barclay na Jami'ar Durham a littafinsa na 2015 a kan Bulus da kyauta. Ya nuna cewa tunanin kyautar da ba a sa ran kome a bayanta tunani ne na Turai ta baya-bayan nan. A duniyar da Bulus ya rayu, kyauta ƙulla zumunci take yi, wanda ya karɓa kuwa ana sa ran godiyarsa da biyayyarsa. Abin da Bulus ya zo da shi sabo shi ne cewa Allah bai dubi cancantar mai karɓa ba. Manyan mutanen wancan zamani suna zaɓen wanda ya isa a yi masa kyauta, don kada alherinsu ya faɗa a hannun banza. Bulus ya ce wannan kyauta ta sauka a kan marasa cancanta, bawa da ɗa, Bayahude da wanda ba Bayahude ba. Amma bai ce ta sauka ba tare da neman amsa ba. Afisawa sura ta 2, inda aka ce ceto baiwa ce don kada kowa ya yi fariya, ba ta rufe zancen ba sai da ta ce an halicci masu bi domin ayyuka nagari.

Idan haka ne, manomin Gwiwa ya fi ɗalibin tauhidi na Ingila kusa da fahimtar Bulus. Ya san bambancin ɗan ƙodago da ɗan gida. Ɗan ƙodago ya yi noma, da yamma ya karɓi kuɗinsa, babu godiya a tsakani sai ta fatar baki, kuma wannan shi ne ainihin misalin da Bulus ya kawo a Romawa sura ta 4, cewa ladan ma'aikaci hakkinsa ne. Shi kuwa marayan da aka ɗauko aka rena, aka yi masa aure, aka yanka masa gona, idan ya yi wa mai gidan noma ba biya yake yi ba, domin ya san abin ba ya biyuwa. In kuwa ya ƙi, sunansa butulu. Muna da tukuici ma, wanda ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a matsayin kuɗin kyautar da aka aiko. Duk abin da aka zauna a Augsburg ana neman lafazinsa, cewa ayyuka amsa ce ga alheri, yana nan kwance a cikin waɗannan al'adu.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Alherin biki tsakanin tsara yake, kuma ana iya rama shi har a zarce. Ga Bamagujen da ya saba yanka wa iskoki akuya ko kaza don su tsare masa gida da amfanin gona, irin abin da Joseph Greenberg ya bayyana a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano, sauƙi ne ya ɗauki zuwa majami'a da baiko a matsayin sabon yanka. Kalmar ba ta hana wannan fahimta ba. Amma babu kalmar da za ta hana, a kowane harshe.

5.0 Barata, kuɓuta, ceto

Fi'ilin da Bulus da Yakubu suka yi tarayya a kansa na ɗakin shari'a ne: alƙali ya furta cewa wane ba shi da laifi. Fassarar 1932 ta ce "barata", daga tushen Larabci na wanke mutum daga zargi. Ta kama ma'anar, amma talaka ba ya faɗin ta a kasuwa, har ta zama kalmar cikin coci kawai. Fassarar 1979 ta karkata ga "kuɓuta". Kowa ya san kuɓuta, sai dai akuya ma tana kuɓuta daga bakin kura ba tare da wani alƙali ya wanke ta ba. An sami sauƙi, an rasa kotun. Bugu da ƙari, idan aka bi Helenanci aka sa kalma ɗaya a wurin marubutan biyu, "kuɓuta" tana ƙara kaifin saɓanin, domin ba ta bar ƙofar da masu tafsirin Furotesta suka saba bi ba, wato cewa Yakubu yana nufin ayyuka suna tabbatar da gaskiyar mutum a idon masu gani.

"Ceto" kuwa tana da nata nauyin. A bakin Musulmi, ceto shi ne wanda Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama da izinin Allah, abin da ake fata ne, yana gaba. Saboda haka idan Kirista ya ce ya riga ya sami ceto, maƙwabcinsa yakan ji kamar mutum ne ya yanke wa kansa hukuncin da ba a zauna ba tukuna. Shi kuwa mai maganar, a nasa lissafin, tawali'u yake yi, yana cewa ba da ƙoƙarinsa ba ne.

6.0 Shari'a

Wannan ce kalmar da muke ganin ta fi bukatar a sake duba ta. Abin da Bulus yake kira Shari'a ita ce Attaurar Musa. Rigimar da ke gabansa a Galatiya ita ce ko wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya, ya kiyaye dokokin abinci da na ranaku, kafin a zauna cin abinci da shi a matsayin ɗan'uwa. E. P. Sanders a littafinsa na 1977, da James Dunn bayansa, sun nuna cewa Yahudawan wancan zamani ba su ɗauki kansu masu sayen aljanna da ayyuka ba. Sun ɗauka Allah ne ya zaɓe su da jinƙansa, kiyaye Attaura kuwa zama ne cikin alkawarin. Ba dukkan masana suka yarda da su ba, amma tun daga lokacin ba wanda ya ƙara karanta Bulus kamar dā.

A ƙasar Hausa kuwa, wa zai ji "Shari'a" ya tuna da Musa? Tun zamanin alƙalan sarakuna kalmar tana da mai ita, balle bayan shekarar 2000 da Jigawa ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Mai karatu yana jin "ayyukan Shari'a" sai zuciyarsa ta tafi kan salla da azumi da zakka. Daga nan taki ɗaya ne zuwa ga hoton da ake yawan zanawa, wai Musulunci addinin ayyuka ne, Kiristanci na alheri. Wato an ɗauki rigar da Luther ya ɗinka wa Katolika, wadda shi ma ya aro daga yadda ya fahimci Yahudawa, aka sa wa maƙwabci.

Hoton ya yi wa ɓangarorin biyu ƙarya. Malaman Musulunci sun yi tasu gardamar tun ƙarnin farko na Hijira: Hawarijawa suka fitar da mai babban zunubi daga imani, Murji'a suka ce aiki ba ya cikin ma'anar imani. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ta ƙarni na 10, wadda kowane almajirin ilimi a wannan yanki ya bi ta kanta, ta koyar da cewa imani furuci ne da harshe, da ikhlasi a zuci, da aiki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa da ayyuka yana raguwa da raguwarsu. Duk da haka Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna babu wanda aikinsa zai shigar da shi aljanna, har da Annabi kansa, sai da rahamar Allah. A ɗaya gefen, Sabon Alkawari cike yake da zancen lada. Matiyu sura ta 25 ta raba mutane a ranar hukunci bisa ga wanda ya ciyar da mayunwaci, ya tufatar da matsiraici, ya gai da marar lafiya. Ba muna cewa addinan biyu sun zama ɗaya ba. Saɓaninsu na gaske yana kan Yesu, ko wane ne shi, da gicciye da ma'anarsa, kuma saɓani ne babba. Amma ba a kan ko Allah mai jinƙai ne, ko aiki yana da daraja, yake ba.

Shawararmu ga masu gyaran fassara ita ce a riƙa cewa "Attaura" ko "Shari'ar Musa" a duk inda Bulus yake nufin haka, ko da za a maimaita har ya gunduri kunne. Za a ce mana wannan ƙari ne a kan nassi. Ƙarin da Luther ya yi ya fi shi girma, kuma namu ba ya goyon bayan wata ɗarika.

7.0 Shaidar tarihi

Akwai abin mamaki a tarihin mishan ɗin da ya kawo wannan koyarwa. Shekaru da dama Turawan mulki sun hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu ta jinya ce. A cikin shekarun 1930 aka danƙa wa SIM kula da gidajen jinyar kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, asibitin ido na Kano kuma ya buɗe a 1943. Shobana Shankar ta bi diddigin wannan a littafinta na 2014, Barbara Cooper kuwa ta yi na ƙasar Maraɗi a 2006. Masu cewa ayyuka ba sa ceto, da ayyuka aka san su: wankin miki, allura, koyar da karatun boko, makaranta irin ta Roni.

Su a aƙidarsu babu saɓani a nan, domin bangaskiyarsu ce take ba da 'ya'ya. Amma mu dube shi daga gadon majinyaci. An yi masa alherin da ba zai iya ramawa ba, a lokacin da danginsa ma suke ƙyamar haɗa ƙwarya da shi. Tarbiyyarsa ta gaya masa cewa wanda ya yi maka haka ya zama ubangidanka. Idan ya bi addinin mai jinyarsa, wasu za su ce an saye shi da magani, 'yan mishan kuwa za su zauna suna tantama ko bangaskiyarsa ta gaske ce, har su sa masa ido su ga ko ya bar giya da tsafi da ƙarin mata kafin su yi masa baftisma. Wato su ma da ayyuka suke auna bangaskiyar, kamar yadda Yakubu ya ce a yi.